Daga Bakin Mai Tatsuniya Zuwa Ƙamus: Kalmomin Ingilishi da Almara Ta Haifa

Wanda ya koyi Ingilishi a aji, ba a gaban uwa ko kaka ba, yakan ci karo da wasu kalmomi waɗanda ƙamus zai ba shi ma'anarsu amma ba zai gaya masa dalilin da ya sa masu harshen suka zaɓe su ba. Masanin taurari zai ce an gano wata duniya a cikin "Goldilocks zone", ɗan jaridar kasuwanci zai ce wani kamfani ya zama "unicorn", likita a Birtaniya zai koka cewa an mayar da sashen kula da masu taɓin hankali "Cinderella service", matashi kuma zai gargaɗi abokinsa kada ya tanka wa wani "troll" a Facebook, wato mai tsokanar mutane da gangan. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da masana suka zauna suka ƙirƙira daga babu, dukkansu daga tatsuniya da almara da camfin mutanen da suka fito. Abin da ya fi jan hankalina a cikin lamarin shi ne cewa kalma ba ta fita daga tatsuniya ɗauke da labarin gaba ɗaya. Gaɓa ɗaya take ɗauka ta bar saura, kuma sau da yawa gaɓar da ta ɗauka ta saɓa wa abin da labarin ya faɗa tun asali.

Mafi tsufa a cikin waɗannan kalmomi ba daga labarin hira suka fito ba, sun fito ne daga abubuwan da mutane suka yi imani da su har zuciya, a zamanin da ba a san musabbabin cuta ko halin ma'adinai ba. Kalmar "nightmare", wadda yau take nufin mugun mafarki ko duk wani hali mai tayar da hankali, misali ce bayyananniya. Gaɓarta ta biyu ba ta da alaƙa da goɗiya, ko da yake rubutunsu ɗaya ne a Ingilishin yau. Sunan wata muguwar halitta ce da mutanen arewacin Turai suka yarda tana hawa ƙirjin mai barci ta danne shi har ya kasa motsi ko ihu. Bahaushe bai buƙatar dogon bayani a nan, domin abin da yake kira dannau ke nan. Har a ƙamus ɗin Samuel Johnson na 1755 ma'anar kalmar ita ce nauyin da mutum ke ji a ƙirji cikin dare, ba mafarki ba. Daga baya ne halittar ta ɓace daga zukatan mutane, likitoci suka bayyana cewa ƙwaƙwalwa ce ke farkawa kafin jiki ya saki, kalmar kuma ta tsira da tsoron kaɗai.

Haka ma "oaf", wadda ake gaya wa wawa ko dolo, tushenta ɗaya da "elf", wato jinsin ƙananan aljanu na almarar arewacin Turai. An yi imani cewa waɗannan halittu sukan sace jariri mai lafiya su ajiye nasu a madadinsa, saboda haka yaron da aka haifa da naƙasa, ko wanda bai yi magana da wuri ba, sai a ce ba ɗan mutum ba ne, musanye ne. Wannan camfi bai tsaya a fatar baki ba. A 1895, a yankin Tipperary na ƙasar Ireland, wani mutum mai suna Michael Cleary ya ƙone matarsa Bridget har lahira, yana cewa ba ita ba ce, aljanu sun musanya ta, kuma kotu ta ɗaure shi. Mai kiran wani da wannan kalma a yau bai san yana maimaita zargin da aka taɓa ɗora wa yara marasa lafiya ba.

Labarin da ya fi ba ni mamaki a wannan rukuni shi ne na ma'adinai biyu. A ƙarni na 16 masu haƙar azurfa da tagulla a duwatsun Saksoni, a ƙasar Jamus ta yau, sukan tono wani dutse mai sheƙi kamar azurfa, amma idan aka narka shi ba ya ba da komai sai hayaƙi mai guba da ke lalata huhu da fata. Sun ɗora laifin a kan "Kobold", aljanin da suka yarda yana zaune a cikin ramukan haƙa yana sace azurfar kirki ya bar ta banza. Wajen 1735 masanin sinadarai ɗan ƙasar Suwidin Georg Brandt ya tabbatar da cewa akwai wani ƙarfe da ba a sani ba a cikin dutsen, gubar kuma ta sinadarin arsenik ce da ke tare da shi, amma sunan aljanin ya riga ya zauna, shi ne "cobalt". A 1751 wani ɗan Suwidin, Axel Cronstedt, ya fitar da wani ƙarfen daga dutsen da mahaƙa ke kira "Kupfernickel", wato tagullar aljani, sai aka sami "nickel". A yau waɗannan ƙarafa biyu suna cikin batiran wayoyi da motocin lantarki, kuma kimanin kashi 70 cikin 100 na kobalt ɗin da ake haƙowa a duniya daga Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kwango yake fitowa, inda har yanzu masu haƙa da hannu ke shiga ramuka masu haɗari.

Hanya ta biyu, wadda ta fi yawan zuba kalmomi a cikin harshen, ita ce ɗab'i. Muddin tatsuniya tana baki, kowane ƙauye da irin tasa, sunan jarumar ma yakan canza daga gari zuwa gari, kuma abin da ba shi da tsayayyen suna ba ya zama kalma. William Caxton ya buga hikayoyin Aesop, mai ba da labari na tsohuwar Girka, da Ingilishi a 1484, daga nan aka sami "sour grapes" ga mai kushe abin da ya gagare shi, da "cry wolf" ga mai yawan ihun ƙarya har ranar gaskiya a ƙi kawo masa ɗauki. A 1697 Charles Perrault ya wallafa tatsuniyoyinsa a Faransa, waɗanda suka tsayar da siffar Cinderella da Bluebeard kuma suka yaɗa kalmar "ogre", wato dodo mai cin mutane. 'Yan'uwan nan biyu, Jacob da Wilhelm Grimm, sun fitar da nasu kundin a Jamus a 1812, Hans Christian Andersen ɗan Denmak kuma ya rubuta labarin sabbin tufafin sarki a 1837 da na mummunan ɗan agwagwa a 1843. Kalmar "folklore" kanta ba ta daɗe ba, William Thoms ne ya ƙirƙire ta a 1846. Kusan babu ɗaya daga cikin manyan labaran nan da asalinsa na Ingila ne. Fassara ce ta kawo su, makarantu da littattafan yara masu arha na ƙarni na 19 suka cusa su a kowane gida, har ya zamana mai magana zai ambaci suna ɗaya kawai ya tabbata mai sauraro ya san sauran. Abin lura ne cewa wasu daga cikin labaran nan sun iso ga masu karatun Hausa ta hanyar Magana Jari Ce, wanda Abubakar Imam ya rubuta a ƙarshen shekarun 1930, amma da yake ya sauya musu suna da gari da tufafi suka zama na gida, sunayen Turawan ba su sami gindin zama a Hausa ba.

Akwai wani kaso na waɗannan kalmomi da ya fito daga ƙasashen Musulmi, kuma a nan ne karkacewar ma'ana ta fi fitowa fili. Tsakanin 1704 da 1717 Antoine Galland ya fassara Dare Dubu da Ɗaya zuwa Faransanci. Da ya zo kan kalmar Larabci ta aljani, sai ya ɗauki wata kalmar Faransanci mai kama da ita a sauti, wadda asalinta Latin ne kuma take nufin ruhin da ke tsaron mutum, daga nan Ingilishi ya sami "genie". Sakamakon haka shi ne, halittar da Musulmi ya sani a matsayin jinsi mai hankali da zaɓi da hisabi, a Ingilishi ta koma bawan da ke cikin fitila yana jiran a ba shi umarni. Labarin Aladdin da na Ali Baba, waɗanda suka ba da "Aladdin's cave" ga wurin da ke cike da dukiya da "open sesame" ga duk abin da ke buɗe ƙofar da ta gagara, ba sa cikin rubutun Larabcin da Galland ya yi aiki da shi. Wani matashi Kirista ɗan Halab mai suna Hanna Diyab ne ya ba shi su da baki a Paris a 1709, kuma an daɗe ƙwarai kafin a ba shi haƙƙinsa na ambato. Sai kuma maganar da 'yan siyasa da masana ke yawan yi game da makaman nukiliya ko sabuwar fasaha, cewa aljani ya fita daga kwalba kuma ba mai iya mayar da shi. A labarin masunci da ifiritu, inda hoton ya samo asali, akasin haka ne ya faru: masuncin ya nuna bai yarda cewa ƙato irin wannan zai iya shiga ɗan ƙaramin tulu ba, ifiritun ya koma ciki don ya nuna masa, shi kuma ya toshe bakin. Labarin yana nuna dabarar mai rauni ce, amma karin maganar da aka ciro daga cikinsa tana koyar da sallamawa.

Kalmar "serendipity" ta cancanci a tsaya a kanta, domin an san ranar haihuwarta. A ranar 28 ga Janairu 1754 marubuci ɗan Ingila Horace Walpole ya rubuta wa abokinsa Horace Mann wasiƙa, inda ya ce ya ƙirƙiri kalmar ne daga wata tatsuniya ta 'ya'yan sarkin Serendip su uku. Serendip shi ne Sarandib, sunan da Larabawa da Farisawa ke kiran tsibirin Siri Lanka, kuma an buga labarin da Italiyanci a Venis a 1557 daga tushen Farisa. 'Ya'yan sarkin sun haɗu da mutumin da raƙuminsa ya ɓata, suka siffanta masa shi ba tare da sun taɓa ganinsa ba: mai ido ɗaya ne, domin ciyawar gefe ɗaya kawai ya ci alhali ta ɗaya gefen ta fi kyau, gurgu ne, domin sawun ƙafa ɗaya jan ƙasa yake, yana ɗauke da man shanu a gefe ɗaya da zuma a ɗaya gefen, domin tururuwa sun taru a nan, ƙudaje sun taru a can. Wanda ya karanta tarihin Larabawa zai tuna irin wannan ƙissa game da 'ya'yan Nizar ɗan Ma'add a kan hanyarsu ta zuwa Najran, wadda Ɗabari ya kawo. Walpole ya ambaci abu biyu a bayaninsa, katari da kaifin hankali, amma a bakin mafi yawan masu amfani da kalmar yau katarin ne kaɗai ya rage. A ganina wannan asara ce ta gaske, domin idan aka ce Alexander Fleming ya gano maganin penisilin a 1928 ta wannan hanya, sai mai sauraro ya ɗauka sa'a ce kawai, ya manta cewa fumfuna ta sha faɗawa cikin kwanukan gwajin wasu kafin shi, suka wanke suka ci gaba da aikinsu.

Masu sana'o'in zamani su ne suka fi kowa ɗibar kalmomi daga wannan rumbu, saboda suna buƙatar gajeren suna ga abu mai dogon bayani, kuma labarin yara shi ne abin da injiniya da likita da ɗan kasuwa suka yi tarayya a kansa. A labarin beyar uku da Robert Southey ya buga a 1837, wadda ta kutsa gidan wata tsohuwa ce mai mugun hali. Wajen 1850 aka mayar da ita yarinya, sunan Goldilocks kuma bai tabbata ba sai farkon ƙarni na 20. Ainihin labarin gargaɗi ne a kan shiga gidan mutane da taɓa kayansu ba izini, amma abin da ya tsira shi ne kwano uku na kunu, ɗaya ya yi zafi, ɗaya ya yi sanyi, ɗaya ya yi daidai. Masana taurari suka ɗauki wannan suka raɗa wa tazarar da duniya za ta kasance daga tauraronta yadda ruwa ba zai ƙafe ba kuma ba zai daskare ba, kamar yadda aka ce uku daga cikin duniyoyi bakwai na tauraron TRAPPIST-1, da aka sanar a 2017, suna cikinta. Masana tattalin arziki kuma tun farkon shekarun 1990 suke kiran yanayin da arziki ke bunƙasa ba tare da hauhawar farashi ba da wannan suna. Masu tsara shafukan intanet suna kiran jerin alamomin da ke nuna wa mutum hanyar da ya biyo "breadcrumbs", wato ɓarɓashin burodi, alhali a labarin Hansel da Gretel tsakuwa ce ta mayar da yaran gida, ranar da suka zuba ɓarɓashin burodi tsuntsaye suka cinye, suka ɓata a daji. "Lion's share" yau tana nufin kaso mafi tsoka, amma a hikayar asali zaki bai bar wa abokan farautarsa komai ba. A 2013 wata mai zuba jari a Amurka, Aileen Lee, ta kira sabon kamfanin da darajarsa ta kai dala biliyan ɗaya da sunan "unicorn", dokin almara mai ƙaho ɗaya, don nuna ƙarancinsu, domin 39 kawai ta ƙirga. Yanzu sun haura dubu, har da Flutterwave na Najeriya da ya shiga sahun a 2021, amma sunan bai canza ba.

Cinderella ta bambanta da saura, domin gida biyu aka raba ta. Idan Baturen Ingila ya kira wani sashen gwamnati da sunanta, farkon labarin yake nufi, wato yarinyar da ke aikin wahala a bakin murhu ba mai kula da ita, abin da Bahaushe zai kira 'yar bora. Idan ɗan jaridar wasanni a Amurka ya yi amfani da sunan, ƙarshen labarin yake nufi, kamar yadda aka yi ta faɗa lokacin da Leicester City ta ɗauki kofin Firimiya a 2016. Matsalar wannan amfani na biyu ita ce yana shigo da hukunci a ɓoye, domin a tatsuniyar Perrault wata aljana ce ta zo da sandar tsafi ta gyara komai a dare ɗaya, kuma duk wanda aka siffanta nasararsa da haka an rage masa ladan shekarun da ya yi yana aiki. Likitoci ma sun ɗanɗana wannan haɗari. Wani amfanin nasu mai kyau ne, kamar alamar mummunan ɗan agwagwa da likitocin fata ke koyarwa, wato a lura da tawadar Allah wadda ta fita daban da sauran na jikin mutum, domin tana iya zama sankara. Amma akwai wata cutar gado da aka daɗe ana kira da sunan "leprechaun", ƙaramin aljanin almarar Ireland, saboda kamannin fuskar jariran da ke ɗauke da ita, har sai da aka ga rashin dacewar haka aka koma kiranta da sunan likitan da ya bayyana ta, Donohue. Game da "troll" kuwa, kalmomi biyu ne suka haɗu a farkon shekarun 1990 a dandalin muhawara na intanet: wata hanyar kamun kifi da ake jan ƙugiya a bayan jirgi, da dodon almarar Norway mai zama a ƙarƙashin gada yana tare masu wucewa.

Kalmomi biyu da suka biyo ta Afirka su ne suka fi nuna abin da ake rasawa a wannan tafiya. "Zombie" ta shiga Ingilishin yau daga Haiti, kuma masana suna danganta tushenta da harsunan yankin Kwango. A imanin mutanen Haiti, gawa ce da boka ya tayar ya sa ta aikin gona ba hutu ba lada, wanda shi ne mafi munin abin da jikokin bayin gonakin rake za su iya tunani: bautar da ko mutuwa ba ta ƙare ta. Amurka ta mamaye Haiti daga 1915 zuwa 1934, a lokacin ne marubuta da masu fim suka kwashi labarin, kuma kafin ƙarshen shekarun 1960 an mayar da wanda aka zalunta ya zama dodo mai cin naman mutane. Yau masana tattalin arziki suna kiran banki ko kamfanin da ya mutu amma tallafi ke riƙe da shi da wannan suna, musamman tun rikicin bankunan Japan na shekarun 1990, ba tare da wani ya tuna da gonar rake ba.

Ta biyun ta fi kusa da mu. Duk wanda ya ji tatsuniyar Gizo da budurwar danƙo, inda mai gona ya ƙera mutum-mutumi mai ɗanko don kama ɓarawon gyaɗarsa, Gizo ya taɓa hannu ya liƙe, ya kai ƙafa ta liƙe, ya san wannan labari. Ashantawa ma suna da irinsa game da Anansi. Bayin da aka kwashe daga Afirka ta Yamma sun tafi da shi kudancin Amurka, inda zomo ya maye gurbin gizo, kwalta ta maye gurbin danƙo. Wani ɗan jarida farar fata a Atlanta, Joel Chandler Harris, wanda ya ji labaran daga bakin bayi a wata gona a jihar Jojiya yana saurayi, ya buga su a farkon shekarun 1880, daga nan "tar baby" ta shiga Ingilishi da ma'anar matsalar da duk ƙoƙarin fita daga cikinta ƙara nutsewa ne. A labarin da bayin suka riƙa ba 'ya'yansu, liƙewar ba ita ce ƙarshe ba: zomon ya roƙi wanda ya kama shi ya yi masa kowace irin azaba amma kada ya jefa shi cikin sarƙaƙiya, aka jefa shi, ya tsere, domin a cikinta aka haife shi. Mutanen da aka raba da komai sun adana labarin yadda marar ƙarfi ke kuɓuta da wayonsa, amma harshen iyayen gijinsu sunan tarkon kawai ya ɗauka, daga baya kuma wasu suka mayar da shi zagi ga baƙar fata. A 2006 gwamnan jihar Massachusetts na lokacin, Mitt Romney, ya yi amfani da kalmar a kan wani aikin hanya da ya rikice, sai da ya fito ya nemi afuwa, kuma manyan ƙamusoshin Ingilishi a yau suna sanya mata alamar gargaɗi cewa tana iya zama cin mutunci.